Awa Biyu Da Rabi A Kolon: Babban Coci, Akwatuna Biyu Da Jirgin Ƙasa

Sunan Kolon a rediyon mahaifina na fara jin sa. Muna yara a Maraɗi, idan yamma ta yi sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya kamo Muryar Jamus, mu ji ana cewa daga birnin Kolon ake magana. A shekarar 2003 gidan rediyon ya koma Bonn, amma sunan ya riga ya zauna mini a kunne. Shi ya sa, bayan shekaru ina wucewa ta garin a jirgin ƙasa ba tare da na sauka ba, na ce wannan karon sai na taka ƙasarsa, ko da na awa biyu ne.

Abin da ke kai ni Turai ba yawon buɗe ido ba ne. A Kwatano nake zaune, sana'ata motocin hannu da kayan gyaransu, irin waɗanda in sun shiga Arewa ake ce musu ƴan Kwatano. Duk wanda ke wannan harka ya san unguwar Heyvaert a Brussels, inda ake ciniki, ya kuma san tashar ruwan Antwerp, inda ake loda wa jirgin ruwa. Na yi mako biyu a can cikin watan Nuwamba, na gama lodi, sai komawa gida. Tikitin jirgin sama mai sauƙi da na samu daga Frankfurt yake tashi da dare, kuma ranar ce rana ta ƙarshe a bizata. Jirgin ƙasan da ke zuwa Frankfurt daga Brussels ta Kolon yake bi. Sai na raba tafiyar biyu: tikiti ɗaya ya sauke ni Kolon ƙarfe 2:15 na rana, na biyun ya ɗauke ni ƙarfe 4:44 zuwa filin jirgin sama. Awa biyu da rabi ke nan a tsakani.

Dukansu tikitin rangwame ne, kuma sharaɗin irinsu shi ne sun ɗaure ka da jirgi guda. In ka makara da laifinka, tikitin ya mutu, sai ka sayi sabo a farashin ranar, wanda kan ninka na farko. Wanda ya gama sarin kaya ya san yadda aljihu ke zama a ranar komawa. Na san da haka, amma na ce ai cocin a bakin tasha yake, me zai hana?

A Aachen, garin farko bayan an shigo Jamus, ɗan ƙanwata da ke karatu a can ya shigo jirgin don ya raka ni. Da na faɗa masa shirina sai ya yi dariya ya ce, "Kawu, kusancin nan shi ke cin mutane. Ku fara lissafi daga baya."

Maganarsa ta kusanci gaskiya ce. Kana fitowa daga ƙofar tashar, kafin ka ga sama sai ka ga dutse. Ginin na nan tsaye a gabanka, baƙi, da hasumiyoyi biyu masu tsini, tsayin kowacce mita 157, wato kamar bene mai hawa hamsin. Jamusawa na kiran sa Dom. Daga ƙofar tasha zuwa matakalar da ke hawa farfajiyarsa, tafiyar ba ta kai minti uku ba. Na tsaya da akwatuna biyu a hannu ina ɗaga kai har hulata ta nemi faɗuwa, yaron ya ja ni gefe ya ce in riƙe jakata ta gaba da kyau, domin farfajiyar nan wurin aikin ƴan sane ne, kuma wanda ya ɗaga kai sama shi suke nema.

Minti ashirin na farko akwatuna ne suka cinye su. Ba a shiga cocin da manyan jakunkuna, don haka dole mu koma cikin tasha mu ajiye. Ma'ajiyar kaya ta tashar Kolon ta bambanta da akwatunan ƙarfe masu makulli da aka saba gani. Na'ura ce: ka zuba kuɗi, ƙofa ta buɗe, ka tura kayanka, ta rufe ta sauka da su ƙarƙashin ƙasa, ta ba ka kati. In ka dawo ka sa katin, ka jira ta hauro da su. Abin sha'awa ne, amma da layi, kuma jiran haurowar kayan ma lokaci ne da babu wanda ke sa shi a lissafi. Yaron ya ce mu ware minti goma don karɓar kaya, wasu goma don neman layin jirgi, wasu goma na ko-ta-kwana. Ya zama lallai ƙarfe 4:15 ta same mu muna fitowa daga coci. Agogo kuwa ya riga ya nuna 2:35. Awa biyu da rabin nan ta koma awa ɗaya da minti arba'in tun ban taɓa bangon ginin ba.

Sai kuma zaɓi. Abu biyu ake zuwa gani: cikin cocin, da hawan hasumiya. A watannin sanyi hasumiyar na rufewa da wuri, wajen ƙarfe huɗu, kuma ana daina sayar da tikiti tun kafin nan. Cikin cocin kuwa kyansa a tagoginsa yake, tagogin kuma sai da hasken rana, ga shi a Nuwamba kafin ƙarfe biyar duhu ya fara. Duka biyun suna son lokaci guda. Na zaɓi hasumiya da farko, don na ɗauka minti ashirin za ta ci. A nan na yi kuskuren farko.

Ƙofar hasumiyar daban take, ta waje, a gefen kudu. Ka sauka ƙasa ka sayi tikiti, ka bi wata hanya da aka huda ta cikin harsashin ginin, inda za ka ga kaurin tushen da idonka, sannan hawa ya fara. Matakala 533 ne, babu lifta. Matakalar dutse ce mai murɗewa kamar igiya, ƙunci gare ta, kuma masu hawa da masu sauka duk ita suke bi. In wani ya taho daga sama, ɗayanku sai ya manne da bango. Tsakiyar kowane dutse ya lotsa saboda ƙafafun da suka taka shi. Ni da nake ganin ina da ƙarfi, mai yini a tsaye a tashar ruwa, kafin mu kai rabi numfashina ya fara fita da ƙara. Yaron na gaba yana waiwaye: "Kawu, mu huta?" Ina ce masa a'a, alhali ina addu'ar ya sake tambaya.

Hutun ya zo a ɗakin ƙararrawa. A nan babbar ƙararrawar take, wadda aka ƙera a 1923, nauyinta tan 24, faɗin bakinta ya wuce mita uku. Mutanen garin na yi mata laƙabi da Bitrus mai ƙiba, kuma ba kullum ake kaɗa ta ba, sai manyan ranaku. Na tsaya ina lissafin ɗan kasuwa: tan 24 kusan lodin kwantena guda ne, kuma an haura da shi nan sama. Daga nan aka ci gaba, ƙarshen hawan matakalar ƙarfe ce da kake hango ƙasa ta tsakaninta, wadda ban so ba ko kaɗan, har muka fito a wurin tsayawa, mita 97 daga ƙasa, an kewaye shi da ragar ƙarfe.

Daga can ne na fahimci garin. Ga kogin Rhine shimfiɗe, jiragen ruwa masu dogon jiki na ja da kaya a hankali. Ga rufin tashar a ƙarƙashin ƙafarka. Ga gadar Hohenzollern, wadda jiragen ƙasa fiye da dubu ke bi ta kanta kowace rana, ta miƙe daidai saitin cocin kamar jirgin zai shige cikinsa, sai a dab da shi ya karkata ya shiga tasha. A tsallaken kogin na hango wata tashar da manyan rumfunan baje koli. Na tambaya, yaron ya ce unguwar Deutz ce. Na gyaɗa kai na ci gaba da ɗaukar hoto. Da na san abin da ke jirana da na ƙara kallon wurin da kyau.

Kogin nan shi ne asalin arzikin Kolon, kuma labarinsa zai yi wa ɗan kasuwa daɗi. A 1259 garin ya samu wata doka: duk fataken da suka biyo kogi da kaya, dole su sauke a Kolon su baje kwana uku, ƴan garin su fara zaɓa, kafin a bar su su wuce. Ka ga fatauci da ƙarfin doka. Babban limamin cocin da ya ba su wannan dama, Konrad von Hochstaden, shi ne kuma ya aza harsashin ginin a ranar 15 ga Agusta 1248. Ko turaren nan da Faransawa ke kira eau de Cologne, ruwan Kolon ke nan, a garin aka fara haɗa shi tun 1709. Na so in saya wa uwargida kwalba ɗaya a inda aka haife shi, lokaci bai bari ba, sai a filin jirgi na saya da tsada.

Saukowa ta fi hawa sauri amma ta fi cin gwiwa. Da muka fito ƙarfe 3:45 ta yi. Awa guda cur hasumiyar ta ci, ƙafafuna kuma na rawa kamar na wanda ya tashi daga zazzaɓi. Saura rabin awa ga cikin cocin.

Na san wasu masu karatu za su ce, me ya kai Musulmi coci? Tambaya ce mai kyau, kuma kowa ya tambayi malaminsa. Ni dai kallon gini ya kai ni, ba ibada ba, kuma na shiga da ladabin da nake so baƙo ya shiga masallacinmu da shi. A bakin ƙofa akwai masu kula da wurin sanye da jajayen riguna dogaye. Ɗayansu ya nuna kansa da yatsa yana murmushi, na gane nufinsa, na cire hular sanyina. A wurinsu namiji kan buɗe kai ne don girmamawa, takalmi kuwa ba a cirewa, akasin namu ke nan. Lokacin da na je ba a karɓi kuɗin shiga ba, na hasumiya kawai muka biya.

Akwai wani abu da ya faru a cikin ginin nan da ya kamata mu sani. A ranar 3 ga Fabrairu 1965, ɗaruruwan Turkawa ƴan ci-rani da ke aiki a masana'antun garin suka yi sallar Idin ƙaramar salla a cikinsa. Ba su da masallacin da zai ɗauke su, hukumar cocin ta ba su ɓangaren arewa, suka shimfiɗa dardumansu a kan dutse suka yi salla. Da na tsaya a wannan ɓangaren sai na tuna yadda iyayenmu suka fara zama a zangon Kwatano da na Kumasi, baƙi masu neman inda za su sa goshi. Yau Kolon na da babban masallaci a unguwar Ehrenfeld, amma yana da ɗan nisa daga tasha, ba na mai awa biyu ba ne. Ni niyyar haɗa salla na yi irin ta matafiyi.

Cikin ginin ya fi wajensa kama zuciya. Tsayin rufin daga ƙasa ya wuce mita 43, ginshiƙan sun miƙe sirara kamar itatuwan giginya, sun haɗu a can sama. Mutane sun cika wurin, don kimanin miliyan shida ke zuwa a shekara, amma ba ka jin hayaniya, sai ƙarar takalma. A can ƙurya, bayan wurin da limamansu ke tsayawa, akwai wani akwatin zinariya da ya wuce mita biyu a tsawo. Kiristoci na cewa a ciki ƙasusuwan masanan nan ne da suka zo daga gabas don ganin Annabi Isa, alaihissalam, lokacin haihuwarsa. Daga Milan aka kawo su a 1164, masu ziyara suka yi ta kwarara daga ko'ina a Turai, tsohon cocin ya yi kaɗan, shi ne aka ƙudurta gina wannan. Akwai kuma wani gicciye na katako da ya haura shekara dubu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsawon lokacin aikin. An fara a 1248, aka yi ta yi sama da shekara ɗari biyu, kuɗi da zuciya suka ƙare, aka tsaya. Na'urar katako da suke ɗaga duwatsu da ita ta zauna a kan guntuwar hasumiyar kudu, wadda na hau, wajen shekara ɗari huɗu, har ta zama alamar garin. Tsohon zanen fuskar ginin ma ɓacewa ya yi, aka tsinci rabinsa a Darmstadt a 1814, ɗaya rabin a Paris a 1816. A 1842 aka koma aiki, da kuɗin gwamnati da na ƙungiyar mutanen gari, aka gama a 1880 bisa zanen mutanen da suka mutu tun ƙarni shida baya. Shekara 632. Na tuna gidana na Maraɗi da ya shekara bakwai a linta, na ji ɗan sanyi a raina. Bayan an gama, shi ne gini mafi tsayi a duniya na shekara huɗu. A Yaƙin Duniya na Biyu bama-bamai 14 suka same shi, garin da ke kewaye ya zama kufai, shi bai faɗi ba. Har yau ba za ka taɓa ganin sa babu ƙarafan magina a wani gefe ba, domin dutsen na ci gaba da lalacewa ana sauyawa, har mutanen garin na cewa ranar da aka gama gyaran Dom, ranar duniya za ta tashi.

Tagar da na fi son gani ita ce ta ɓangaren kudu, wadda wani mai zane, Gerhard Richter, ya tsara aka buɗe a 2007. Babu hoton mutum ko ɗaya a cikinta, ƙananan murabba'ai ne na gilashi sama da dubu goma sha ɗaya, launi 72. An ce in rana ta bugo ta, launukan kan zubo a kan ginshiƙai da ƙasa. Ni ban ga wannan ba. Rana ta riga ta yi ƙasa, gari ya yi toka-toka, tagar ta dushe. Da na fara da ciki ƙarfe uku saura, da na same ta da sauran haske. Da za a maimaita mini ranar, hasumiyar zan bari.

Ina tsaye a gabanta ƙarfe 4:05 yaron ya ce, "Kawu, ku ba ni wayar in duba layin da jirginku zai tsaya." Na miƙa masa. Ya duba, ya sake dubawa, sai na ga fuskarsa ta sauya.

"Kawu, wannan ba daga nan zai tashi ba. Deutz aka rubuta."

Laifina ne, ba na kowa ba. Kolon na da manyan tashoshi biyu da jirage masu sauri ke tsayawa: babbar tasha, wadda ake rubutawa Köln Hbf, da Köln Messe/Deutz a tsallaken kogi. Wasu jiragen Frankfurt daga ta biyun suke tashi, ba sa shigowa ta farkon sam. Da nake sayen tikiti na ga kalmar Köln, na ga farashi mai sauƙi, ban karanta sauran ba.

Ban san ina da sauran gudu a ƙafa ba sai ranar. Muka fita, muka gangara matakala, muka sa kati a na'urar kaya. Mintunan da ta ɗauka kafin ta hauro da akwatunan nan, na ji su kamar shekara. Akwai ƙananan jirage da ke haye kogin cikin minti biyu, amma ba ni da tikitinsu, ga layi a na'urar sayarwa, sai yaron ya ce ƙafa ta fi tabbas. Ya ɗauki babban akwatin, na ja ƙaramin, muka zagaya bayan cocin muka hau gadar. Tsawonta ya wuce mita ɗari huɗu, kuma ragar da ke gefen hanyar masu ƙafa cike take da kwaɗuna, dubbai a kan dubbai, waɗanda masoya ke rubuta sunayensu a jiki su kulle su jefa makullin a kogi. Mutane na tsaye suna ɗaukar hoto, mu muna kutsawa tsakaninsu da akwatuna, jirage na wucewa a gefenmu gadar na girgiza. Ko a cikin wannan hali sai da na ce a raina, wanda ke sayar da kwaɗo a garin nan ya samu kasuwa.

A Deutz ma ba a gama ba, domin layukan jiragen Frankfurt a ƙasa suke, sai an sauka wata matakala, ga gwiwoyin da hasumiya ta riga ta gama da su. Mun iso ƙarfe 4:38. Na jingina da ginshiƙi ina haki, rigar sanyina ta jiƙe da gumi a cikin sanyin Nuwamba.

Da muka ɗan samu numfashi muka sake lissafin, don amfanin wanda zai biyo baya. In tazararka ba ta kai awa ɗaya ba kuma kana da kaya, ka fito farfajiya ka ɗaga kai ka kalla, ka koma, ya ishe ka. In awa ɗaya da rabi ce, ajiye kaya ka shiga ciki, minti arba'in na isa ka zagaya a natse. Hasumiya sai mai awa uku da lafiyayyar gwiwa, kuma ba ranar da zai kwana zaune a jirgin sama ba. Ranar Lahadi da safe lokacin ibadarsu ne, masu kallo sai bayan azahar, sauran ranaku ma in ana addu'a akan tare wani ɓangaren. Kafin duk wannan, ka karanta sunan tashar da ke kan tikitinka har ƙarshensa.

Jirgin ya shigo, yaron ya tura mini akwatunan ciki, na damƙa masa ƴan yuron da suka rage a aljihuna, ya ƙi karɓa sai da na haɗe rai. "Kawu, ku gaida Inna in kun je Maraɗi," ya ce, ƙofa ta rufe. Layin Kolon zuwa Frankfurt jirgi na gudun kilomita 300 a awa a kansa, tafiyar ba ta cika awa guda ba. A ɗakin salla na filin jirgin na rama abin da ke kaina, da na zo yin ruku'u sai da na dafa bango.